DAGA WARKI ZUWA ƊAMAMMIYAR RIGA: TARIHIN SUTURAR 'YAN DAMBE DA 'YAN KOKAWA

 A wannan fitowa filinmu na tarihi zai taɓo wani abu ne da ke jikin 'ya'yanmu da ƙannenmu, wanda yawancinmu muke gani kullum amma ba mu taɓa bin diddiginsa ba. Wato wannan riga da ke ɗame jiki kamar fata, wadda samari ke kira bodi-hog, suna sa ta in za su yi gudun asuba a gefen titin Abuja zuwa Lakwaja, ko ɗaga ƙarfe, ko atisayen dambe da kokawa. Wasu dattawanmu suna ganin ta a matsayin iyayi da kwaikwayon Turawa. Samarin kuma wasunsu sun ɗauke ta kamar wata laya, wai da zarar an sa ta ƙarfi ya ƙaru.

To, mu dai abin da tarihi ya nuna mana shi ne, ɗan wasan Bahaushe bai taɓa ɗaukar suturar fage a matsayin kwalliya kawai ba. Kayan aiki ce, kamar yadda wuƙa take ga mahauci ko fartanya ga manomi. Ya san wanda ya yi ta, ya san dalilin da ya sa aka yi ta haka, kuma ya san yadda ake adana ta. Wannan sani shi ne ya fara kuɓuce mana tun da muka koma sayen abin da ba mu muka saƙa ba. Kuɗin yaranmu na tafiya a banza, lafiyar fatarsu kuma na shiga haɗari. Shi ya sa muka ga ya kamata mu faro zancen tun daga tushe.

TUN ZAMANIN LIFIDI DA SULKE

Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Lifidi dai riga ce da ake cusa wa auduga a ɗinke ta, a sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta rasa hanyar shiga. Nauyi gare shi, ga zafi, amma barde ya yarda ya sha wannan wahala domin ransa ne a ciki. Ashe tun fiye da shekara 600 da suka wuce kakanninmu sun san cewa kowace irin gwagwarmaya da suturar da ta dace da ita.

Shi kansa dambe, in muka dubi kalmominsa, za mu ji ƙamshin fagen fama. Hannun da ake naɗewa ana ce masa mashi, wanda ake karewa da shi kuma garkuwa. In aka buge mutum ya kai ƙasa, sai a ce an kashe shi, alhali ga shi nan da ransa. Turmi uku ake yi, in babu kisa a raba. Sai dai shi ɗan dambe, saɓanin barde, ba ya rufe ƙirjinsa da komai.

Wata daɗaɗɗiyar shaida da aka rubuta a kan haka ta fito ne daga wani Baturen Birtaniya mai yawon ganin ƙasashe, Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824. Ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya sa aka kira masa su ƙofar masaukinsa. A bayanin da ya bari, wanda aka buga a Landan a 1826, ya ce sun zo da makaɗa da gayyar mahauta, ba kowa da komai a jiki sai fata ɗaure a ƙugu, hannun dama kuma an naɗe shi da siririn ƙyallen saƙi tun daga yatsa har wuyan hannu. Wannan fata da ya gani ita ce warki, wasu su ce walki. Ke nan shekara 200 da suka wuce, kayan ɗan dambe biyu ne rak, da warki da naɗin hannu, kuma dukansu a gida aka yi su.

WARKI DA HIKIMAR DA KE CIKINSA

Warki fatar akuya ce ko ta tunkiya da majema suka jeme. Da 'ya'yan bagaruwa ake jima a ƙasar Hausa, kuma aikin majemanmu ya yi suna har ƙetare. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake ke ratsa Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun Larabawan Maroko, har suka laƙaba mata sunan waccan ƙasa alhali tamu ce.

Me ya sa aka zaɓi fata? Na farko, ba ta yagewa da wuri in aka ci ɗamara ko aka yi birgima a ƙasa. Na biyu, tana sakin cinya ta yi motsi yadda ake so. Na uku, a kokawa abokin karawa ba ya samun yalwar tufa da zai cafka ya yi ta juya mutum. Barin ƙirji a buɗe ma da dalilinsa: wasan na kaka ne, bayan an kawar da amfanin gona, ana yin sa da yamma ko da farin wata, iska na busar da gumi nan take, 'yan kallo kuma suna ganin inda naushi ya sauka ba gardama.

Kula da warki kuwa sai wanda ya sani. Fata ba ta son a jiƙa ta a bar ta, ba ta son a gasa ta a rana, in ba haka ba ta ƙandare ta tsattsage. Sai a kaɗe ƙura, a shafa mata ɗan mai, a murza ta har ta yi laushi, a rataye a inuwa inda gara da ɓera ba za su kai gare ta ba. Daɗin daɗawa, ɗan wasa ba ya sakin kayan jikinsa ga kowa. Layu da guru da kambu da zaren naɗi, duk nasa ne shi kaɗai, don tsoron kada a karya masa asiri. Ko mutum bai yarda da zancen asiri ba, ai ya ga amfanin wannan al'ada: wanda ba ya aron kayan jikin wani ba ya ɗaukar cutar fatar wani. Mu riƙe wannan batu, za mu komo gare shi.

ZUWAN SINGILETI DA GAJEREN WANDO

Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, sun zo da nasu irin damben, na hannu biyu da safar hannu, wanda ya yaɗu ta barikin soja da na 'yan sanda da makarantun gwamnati. Tare da shi ne singileti da gajeren wando suka shiga fagen wasa. 'Yan Nijeriya ba su daɗe ba suka yi fice a ciki. Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957 a birnin Faris. Dick Tiger ya bi sahu a 1962, kuma ya kare kambinsa a Ibadan a 1963. Lambar yabo ta farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar Olamfik ta dambe ce, wadda Nojim Maiyegun ya samo a Tokiyo a 1964. Haka ma maƙwabciyarmu Nijar, ta farkonta ta dambe ce, ta hannun Issaka Dabore a Munik a 1972. A irin wannan gasa ta Olamfik da singileti ake shiga, su kuwa masu damben kuɗi ƙirji a buɗe suke yi, kamar namu.

Damben gargajiya bai mutu ba saboda zuwan na Turawa. Hasali ma a ƙarnin da ya gabata ne aka yi su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kwaure, waɗanda waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka raya sunayensu har yau. A can Nijar kuma, a 1975 gwamnatin Seyni Kountche ta kafa gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, aka yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe. Amma sannu a hankali gajeren wando ya ture warki da bante daga ƙugun 'yan wasa, har ya zama a gidajen damben yau wando ne abin da ido ya saba gani.

Abin lura a nan shi ne, ko da aka koma yadi, namu ne. Audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau ce ake kaiwa masaƙa. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, har unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata. Tela na unguwa shi ke ɗinka wando, uwa ko mata ta san yadda ake wanke auduga: a jiƙa, a cuɗa da sabulu, a matse, a shanya a rana, a goge da dutsen guga. Auduga tana jure duk wannan. Aibinta ɗaya ga mai motsa jiki: tana shan gumi ta riƙe, rigar ta yi nauyi ta manne, ta riƙa goge hamata da ƙirji har su yi ja.

YADDA WASAN YA BIYO MU NAN

Zaman Hausawa a wannan yanki ba yau ya fara ba. Sarakunan Haɓe na Zazzau da jihadi ya taso sun yo kudu, inda Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja. Fatake da mahauta da malamai sun daɗe suna bin hanyoyin da suka ratsa ƙasar Gbagyi da Bassa da Ganagana zuwa bakin Kwara. Amma babban kwararowar jama'a ya zo ne bayan Janar Murtala Muhammad ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birnin tarayya ranar 3 ga Fabrairu 1976, da kuma bayan gwamnati ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba 1991. A 1996 aka yanke ƙaramar hukumar Kwali, wadda Yangoji ke cikinta, ƙasar su Ladi Kwali mai ginin tukwane da hotonta ke jikin takardar Naira 20.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma mahauci duk inda ya je da kalangunsa yake zuwa, inda kalangu ya sauka kuwa dambe na biye. Shi ya sa gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei, kusa da kasuwar dabbobi, ya zama matattarar 'yan Kudu da Arewa da Jamus da Guramada a wannan yanki. Yaran da aka haifa mana a nan sun tashi tsakanin duniya biyu: suna jin labarin Shago a bakin kakanni, suna kuma kallon 'yan wasan duniya a wayar hannu.

Akwai kuma bambancin yanayi da ya kamata mu sa a lissafi. Nan ba Katsina ba ce, ba Sakkwato ba ce. Ƙasarmu ta Kwali kwari ce mai zafi da laima. Daga Fabrairu zuwa Afrilu rana na ƙuna, damina kuma tana kaiwa har Oktoba. Gumi ba ya bushewa da sauri kamar a Arewa, jiƙaƙƙiyar tufa tana iya kwana ba ta bushe ba. Duk wata magana ta zaɓen riga da wankinta sai an auna ta da wannan.

ASALIN ƊAMAMMIYAR RIGA

Ita wannan riga ba a gona ake noma zarenta ba, daga man fetur ake sarrafa shi. A 1935 wani masanin haɗa sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, Wallace Carothers, ya ƙirƙiro zaren nailan. A 1941 wasu Turawan Birtaniya biyu, Whinfield da Dickson, suka fito da foliyesta. Sannan a 1958 Joseph Shivers, shi ma na DuPont, ya samar da zaren roba mai talewa, wanda ake kira sifandes ko ilasten, aka riƙa sayar da shi da sunan Lycra. Wannan zare yana iya miƙewa kamar ninki biyar na tsawonsa ya koma yadda yake. In aka saƙa kaɗan daga cikinsa tare da nailan ko foliyesta, sai a sami yadi mai bin jiki.

Tunanin matse jiki da tufa daga asibiti ya fito. Likitoci sun daɗe suna ba masu kumburin ƙafa da masu kumburarrun jijiyoyi safa mai matsewa don taimaka wa jini ya koma sama. Masu wasan hawan igiyar ruwa a bakin teku kuma suka fara sa riga mai bin jiki don kada allo da yashi su ƙuje musu ƙirji. Daga baya, a 1996, wani tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka a jami'ar Maryland, Kevin Plank, wanda ya gaji da canza jiƙaƙƙiyar rigar auduga a wajen atisaye, ya kafa kamfanin Under Armour don yin rigar ciki da ba ta riƙe gumi. Sauran manyan kamfanoni irin su Nike da Adidas su ma suka cika kasuwa da nasu.

Ta ɓangaren kokawa kuwa, hanyar ta biyo ta Japan da Barazil. Jigoro Kano, wani Bajapane mai suna irin na birninmu, shi ya kafa wasan judo a 1882, ana yin sa da riga mai kaurin gaske ta auduga wadda ake kamawa. Wasan ya je Barazil, iyalin Gracie suka mayar da hankali ga kokawar ƙasa, aka sami jijitsun Barazil. Da aka fara gasar UFC a Amurka a 1993, ɗan wannan gida, Royce Gracie, shi ya lashe ta farko. Masu koyon irin wannan kokawa ba tare da riga mai kauri ba su ne suka rungumi ɗamammiyar riga, saboda suna shafe sa'o'i suna birgima a kan tabarmar roba, fata na gogar fata. A 2019 'yan asalin Nijeriya biyu, Kamaru Usman da Israel Adesanya, suka ci kambin UFC, hotunansu na atisaye suka cika wayoyin samarinmu. Daga nan kasuwar rigar ta buɗe sosai.

Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da wannan yadi ke mamaye duniya, masaƙunmu rufewa suke yi. Masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Yau yawancin rigunan da ke jikin yaranmu ko dai gwanjo ne da aka kwance daga dila, ko kuma sababbi masu araha daga ƙasashen Asiya, da yawansu ɗauke da tambarin kamfanin da bai san da zamansu ba. Majemi ya san fatarsa, masaƙi ya san zarensa, amma mai talla a kasuwar Gwagwalada ko Karmo sau da yawa abin da ya sani shi ne farashi.

ABIN DA TAKE YI DA ABIN DA BA TA YI

Mu faɗa wa juna gaskiya. Rigar nan ba ta ƙara wa kowa ƙarfin naushi, ba ta narkar da tumbi, ba ta gina ƙwanji. Binciken masana wasanni ya fi karkata ga cewa tana iya ɗan rage tsamin jiki bayan aiki mai nauyi, amma ba wani ƙarin ƙarfi ko gudu na a zo a gani. Wanda ya sa ta yana jiran ta yi masa abin da atisaye da abinci da barci ke yi, ya koma gidan jiya, ya sauya laya da roba ne kawai.

Amfaninta na gaskiya uku ne. Tana janye gumi daga fata ta baza shi a bayan yadi don ya bushe da wuri. Tana kare fata daga ƙujewa a ƙasa ko a jikin abokin atisaye. Kuma da yake ba ta da yalwa, yatsa ba ya maƙalewa a ciki ya gurɗe. Ga mai jin nauyin tsayawa ba riga a gaban surukai da maƙwabta, sutura ce, musamman in ya ɗora wando mai yalwa da ya rufe gwiwa. A ranar wasa dai ɗan dambe yana tuɓe ta ya shiga fage kamar yadda aka gada. Rigar atisaye ce, ba ta turmi ba.

YADDA AKE ZAƁE

Da farko a juya rigar a duba 'yar takardar da ke wuya ko gefen ciki. Mai kyau yawanci kashi 80 zuwa 90 cikin 100 foliyesta ne ko nailan, sauran kashi 10 zuwa 20 zaren roba. In zaren roba ya yi kaɗan ƙwarai, rigar ba za ta ɗame ba, ƙarama ce kawai aka sayar maka. Nailan ya fi laushi da jure gogayya, foliyesta ya fi saurin bushewa da araha, amma ya fi riƙe wari.

Na biyu, a duba ɗinki. Ɗinkin da ya dace shimfiɗaɗɗe ne, ba ya tudu ta ciki. Mai tudu shi ke yanka hamata in gumi ya zo. A ja ɗinkin da hannu biyu, in aka ji zare na ɓalɓalcewa a ajiye. Mai kokawa ya guji riga mai zif ko maɓalli ko aljihu, domin suna yankar abokin wasa. Dogon hannu ya fi kare gwiwar hannu ga mai birgima a ƙasa, gajeren hannu ya fi sauƙi ga mai gudu ko ɗaga ƙarfe a zafin nan namu.

Na uku, awo. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A sa rigar, a ɗaga hannu sama, a kai naushi, a sunkuya. In ta naɗe ta haye saman cibiya, ta yi gajarta. A ja dogon numfashi: in ƙirji ya kasa buɗewa, ko hannu ya fara mutuwa, ko ta bar shaida mai zurfi a fata, ta yi kaɗan. Sayen ƙarama da gangan don ƙwanji ya fito wahalar da kai ne. Yaro mai tasowa kuma ba a saya masa wadda ta matse shi ƙwarai, haka mai ciwon asma ko wata larurar numfashi ko ta zuciya ya fara jin ta bakin likita.

Na huɗu, ga mai sayen gwanjo. Ba laifi ba ne, sau da yawa ma gwanjo mai kyau ya fi sabuwa ta jabu. Amma zaren roba yana tsufa ko da ba a sa rigar ba. A tale yadin a saki: in bai koma nan take ba, ko aka ji yana ƙara kamar busasshen ganye, ko aka ga ƙananan fararen zaruruwa sun leƙo, robar ta mutu. A ɗaga shi a rana a tale, in ana hango tafin hannu ta ciki ya sha jiki. A sansana hamata. Araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi matacciyar riga sau uku ya biya kuɗin mai rai har da ƙari. Kowace gwanjo kuma sai an wanke ta tas kafin ta taɓa fata.

YADDA AKE KULA DA ITA

A nan ne aka fi yin ɓarna, domin ana yi wa roba wankin auduga. Abokan gabar zaren roba uku ne: zafi, bilic, da gumin da aka bari ya kwana.

Da an gama atisaye a cire ta a wanke a ranar. Kada a dunƙule ta a leda ko a jefa ta ƙarƙashin katifa, domin a laimar nan tamu kafin gobe ta fara tsami. A juya cikinta waje, tunda a nan maiƙon jiki yake taruwa. A yi amfani da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a cuɗa a hankali da hannu. Ba a sa mata buroshi, ba a buga ta a kan dutse, ba a haɗa ta da wandon jins ko wani abu mai ƙugiya. A ɗauraye har kumfa ya ƙare, don ragowar sabulu na toshe ƙofofin yadin ya kuma jawo ƙaiƙayi. Ba a murɗe ta kamar zane, matsewa ake yi a tafin hannu. A shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a kan kwano ko katangar da rana ta gasa ba. Dutsen guga kuwa, na wuta ne ko na gawayi, kada ya kusance ta. In wari ya ƙi fita, a jiƙa ta na ɗan lokaci a ruwa da ɗan ruwan kal kafin wanki. Wanda ke atisaye kullum ya yi ƙoƙari ya mallaki biyu, yau wannan gobe waccan.

Ga kuma gargaɗi na musamman ga 'yan uwanmu mahauta da masu tsire da balangu da masu shayi, tunda yawancin 'yan wasanmu daga cikinsu suke. Wannan yadi in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunarsa ta fi ta auduga muni. Kada a taso daga atisaye a tsaya bakin tukuba da ita. A canza tukuna.

Sai batun aro, wanda muka ce za mu komo gare shi. Likitoci sun san cewa 'yan kokawa a duk duniya suna yawan fama da makero da maruru da sauran ƙurajen da ke bin gogayyar fata da kayan da aka yi tarayya a kansu. Rigar da ta manne wa jikin wani ta sha guminsa, in ka sa ta ka ɗauki duk abin da ke fatarsa. Balle kuma masu tsaga a hannu, ga ƙofa a buɗe. Zanen aro ba ya rufe katara. Kowa da rigarsa, kowa da tawul ɗinsa, kowa da ƙyallen naɗinsa, a yi wanka da sabulu bayan wasa. Wanda ya ga wani zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi ko ƙurji mai ruwa ya dakata da kokawa, ya je asibiti, kada ya rufe shi da riga ya shiga cikin 'yan uwa.

KIRA GA IYAYE DA SHUGABANNIN SAMARI

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ba za mu ce yaranmu su koma ɗaura warki ba, kamar yadda ba wanda zai hau babur da lifidi. Abin da ya kamata mu gada daga mutanen da Clapperton ya gani a Kano a 1824 shi ne halinsu game da kayansu: su san abin da suka sa, su san amfaninsa da iyakarsa, su tsabtace shi, su hana shi yawo daga jiki zuwa jiki.

Don haka muna kira ga iyaye mata da ke wanki su ware wannan riga daga sauran kaya. Muna kira ga masu horar da yara su riƙa duba fatar 'yan wasansu kafin a fara, su kuma hana aro. 'Yan kasuwarmu masu sayar da gwanjo su ji tsoron Allah, su faɗa wa yaro gaskiya in robar riga ta mutu. Su kuma dattawan da suka taɓa naɗa hannu ko suka ci ɗamara a garuruwansu na asali, muna roƙon su zauna da samari su ba su labarin warki da yadda ake adana shi, tun kafin wannan sani ya bi su kushewa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba 'yan wasanmu lafiya da sa'a, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa mu ga fitowa ta gaba da alheri, amin.